Abiti Japani Ta Rasu Tana Jiran Injinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta yi mini nauyi kamar kwandon ɗanyen kifi, ni Abiti Bwanali, mai sayar da ƙananan kifin nan usipa a kasuwar Mangochi da ta Limbe, a madadin 'ya'yana da jikokina da duk mai cin tuwo a tsakar gidana, ina sanar da dangi da maƙwabta da abokan ciniki rasuwar motata, akori-kura fara mai shuɗin gefe, wadda kowa ya sani da suna Abiti Japani, wato 'yar Japan.

Ta rasu a gindin mangwaron da ke bayan ɗakina, a kan bulo huɗu, bayan doguwar jinya. Ba ta mutu a kan hanya ba, ba ta faɗa rami ba, ba ta taɓa kashe ko akuyar wani ba. Ta mutu tana jiran maganinta, wanda ya taso tun daga ƙasar ubanta, ya ƙetare teku lafiya, ya zo ya tsaya a Blantyre, tafiyar rabin yini daga inda take kwance.

'Yata Asiyatu ce ke rubutawa, ni ban yi boko ba. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Shehe ya riga ya aiko cewa ba a yi wa ƙarfe salla. Na sani, ban kuwa nema ba. Amma abin da ya ciyar da gida kusan shekara ashirin ba a fitar da shi ta bayan gida kamar tsohuwar tabarma. Dole a faɗa wa mutane.

Na sayi marigayiya a shekarar da aka aurar da Asiyatu, a hannun wani Ba'indiye mai kanti a Limbe. Ya faɗi kuɗinsa, na yi dariya. Na ce masa wannan ai kurar ruwa ta fi ta, ƙofarta ma da waya aka ɗaure. Ya ce ko ministoci ba su da irinta. Muka yi ta ja har shayinsa ya huce, na tashi na tafi, ya aiko a kira ni, na dawo. Muka haɗu a tsakiya, ya ba ni makulli, ya ƙara mini da jak. Har ya mutu muna gaisawa. Haka ake ciniki tsakanin mutanen kirki: mai kaya ya hau sama, mai saye ya kushe, mai kaya ya yaba, a sauko a haɗu. A haka na tashi tun ina bin uwata bakin tabki da tire a kai, kuma da haka na aurar da 'ya'ya mata biyar.

Marigayiya mai haƙuri ce. Duk wanda ya zauna a unguwarmu ya san muryarta da safe. Sai ta yi tari sau biyu, ƙyah-ƙyah, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce gurrrum, kajin unguwa su watse. A hawan Zomba, da kwanduna har sun fi kanta tsawo, takan yi wani dogon nishi, uuuuu, har direbanta Che Sumani ya dinga shafa mata sitiyari yana cewa, "Sannu, uwar gida, saura kaɗan." Hon ɗinta kuwa kukan tsohuwar tunkiya ne, mbeee. Masunta na jin sa daga nesa su fara kwashe kifi daga kan shanya, don sun san kuɗi ya iso.

Ba kifi kaɗai ta ɗauka ba. Ta kai mata masu naƙuda asibiti, biyu ma a bayanta suka sauka, ɗayan yaron yanzu har gemu gare shi. Ta ɗauko kwanon rufin masallaci. Ta dawo da gawarwaki gida daga asibiti, na Musulmi da na 'yan coci, ba ta taɓa tambayar addininsu ba, ni ma kuɗin mai kawai nake karɓa. Amare nawa ta kai ɗaki, kowace ta isa tana ƙarnin usipa, ba kuma wadda aka koro saboda haka.

Aibinta ɗaya, ba ta son baya. In aka sa ta ribas sai an lallashe ta.

Ciwon ajalinta ya fara da hayaƙi, shuɗi, siriri. Che Sumani ya ce mini, "Mama, tana shan baƙin mai kamar yadda nake shan shayi." Na ce to ka rage naka ka ba ta. Muka yi ta ba ta. Ranar da ta faɗi muna Liwonde da cikakken lodi. Ta yi wata ƙara da ban taɓa ji a bakinta ba, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana dukan tukunya da taɓarya, sai ɗif. Che Sumani ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Che Mdoka bakanike, wanda tare muka yi wasan ƙasa da shi, shi ya jawo ta gida. Ya buɗe ta, ya leƙa, ya goge hannu.

"Abiti Bwanali, inji ya buga. Jikinta garau yake, ya fi naki ma. Amma sai an sa mata wani."

"Jikina ya fi na matarka. Ina ake samun wanin?"

"Na cikin gari duk an sha romonsu. In kina so ta ƙara shekara goma, a aiko miki na hannu daga Japan."

Ɗana Twaibu yana ƙasar waje, a birnin da muke kira Joni, yana aikin gadi, shi ya iya saye ta waya. Che Mdoka ya ba shi lambar injin, ya nemo, ya ce da kuɗin inji da na jirgi kwacha miliyan biyu. Na sayar da awaki, na taɓa jarin da nake ba masunta kafin kamu, na ƙulle kuɗin a zane na ba direban bas mai zuwa Joni, mutumin da ya shekara yana kai mana saƙo ko allura ba ta ɓata ba. Twaibu ya karɓa ya biya. Ina so a riƙe wannan, don ya dawo ya cije ni daga baya: kuɗin hannu da hannu suka tafi, ba su bi ta banki ba.

Na je na faɗa wa marigayiya. Na ce ki daure, ɗan'uwanki yana kan teku.

Da aka bugo cewa inji ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Beira, har an kawo shi ma'ajiyar kwastam a Blantyre, Twaibu ya haɗa ni da wani dillalin fiton kaya, Mista Kachingwe, mai jaka a hammata da takalmi mai tsini. Ya ce ba sai na zo ba. Na ce kayana ba sa ganin baƙo ba na nan. Na hau bas na je. A bakin ƙofa ya tsayar da ni.

"Mama, abu ɗaya nake roƙo. In mun shiga, ni zan yi magana."

"Ka yi mana. Ai don haka nake biyanka."

Aka kai mu wani rumbu mai girman filin idi. Ga injina a kan katako, an naɗe shi da leda, an rubuta masa lamba da alli. Na ɗaga ledar na shafa shi. Wallahi mai kyau ne, har ƙamshin ƙasar waje yake yi. Jami'in da ya zo duba shi yaro ne, bai wuce sa'an Twaibu ba, da riga mai guga da biro a aljihu. Ya karanta takardar da ta zo da kayan, ya ce kowa ƙaramin kuɗi yake sa a rubuta masa, su ba takarda kaɗai suke bi ba, sai sun ga kaya da idonsu. Daidai nan aka ce wani hatimi bai cika ba, Mista Kachingwe ya ruga ofis na gaba ya samo.

Muka rage ni da yaron. Ya zagaya injin, ya sa ƙafa ya ɗan taɓa katakon, ya taɓe baki.

"Wannan ai tsohon ƙarfe ne, ko Mama? Dubi tsatsa. Ba zai yi wata daraja ba."

Jama'a, ku da kuka san ni, ku faɗa mini. Shekara arba'in ina zaune a bayan kwando. Mutum ya tsaya a kan kayana, ya sa musu ƙafa, ya taɓe baki, ya ce ba su da daraja. Me bakina ya saba yi? Ban ma san lokacin da na gyara ɗaurin zane ba.

"Tsoho? Ɗana, buɗe idonka. Wannan ba tsatsa ba ce, ƙurar jirgi ce. Wanda ya hau shi a can tsoho ne mai ciwon ƙafa, daga gida sai asibiti. Sabo ne ful, ledarsa ma ba a gama cirewa ba."

Ya dube ni, ya rage murya. "Mama, ki duba da kyau. Ni dai tsoho nake gani."

"To idonka ne ya tsufa. Ka zaga Blantyre kaf, in ka samo irinsa na ba ka wannan kyauta."

A lokacin wani babbansu mai tumbi ya zo wucewa, ya ji, ya tsaya a bayansa. Yaron ya ciro bironsa.

"To nawa ne darajarsa, Mama?"

"Miliyan shida. Kuma don kai ne."

Ya rubuta. Na tsaya ina jira ya ce biyu, in ce biyar da rabi, mu fara. Bai ce ba. Ya ci gaba da rubutu, ya miƙo mini takarda da tawada, na dangwala yatsa, don na ɗauka shaidar cewa na ga kayana ce. Da na ga shirun ya yi yawa na ce, "To, taya mana."

Ya ce, "Mama, nan ba a tayi."

Da Mista Kachingwe ya dawo ya karanta takardar, sai ya nemi wuri ya zauna a kan tayar wani. Ya ce, "Mama, me kika yi? Ƙofa ya buɗe miki. So yake ki ce e, tsoho ne, ya rubuta kaɗan, ki biya kaɗan."

Na ce in taimako yake so ya yi mini, sai ya zagi kayana a gabana? Wa ya koya masa taimako da ƙafa? Har yau da nake wannan magana ban ga inda na kauce wa tarbiyyar uwata ba. Wuri ne kawai na shiga inda komai a kife yake: wanda ya yabi kayansa shi ake yanka, wanda ya ce nasa shara ne shi ke fita da dariya. Ba wanda ya rubuta haka a bakin ƙofa. Ko an rubuta ma, ai sai an karanta mini.

Sai aka yi lissafi a gabana, kuma ni lissafi ba a yi mini shi a duhu, ko da na'ura ne ina biye da shi a kai. Suka ɗauki miliyan shida na bakina. Suka ɗora kuɗin jirgi, wanda na riga na biya, suka ce shi ma yana da haraji. Suka ɗora wata inshora da ban san na saya ba. Suka yanka kuɗin fito a kan jimlar. Sannan suka haɗa kuɗin fiton da jimlar wuri ɗaya, suka sake sa wa duka wani haraji. Wato har harajin ma sai da ya biya haraji. Abin ya tashi miliyan uku da ɗoriya. Kuɗin shigo da shi daga rumbu zuwa titi ya fi kuɗin sayensa da kawo shi daga ƙarshen duniya.

Daga ranar jinyar marigayiya ta koma ta zirga-zirga. Mista Kachingwe ya ce ana iya ɗaukaka ƙara, a nuna ainihin abin da aka biya. Muka rubuta. Suka ce a kawo takardar banki. Na ce bankina direban bas ne, yana nan da ransa, in kawo shi ya rantse? Suka ce ba a karɓar rantsuwa. Twaibu ya turo hoton abin da ya biya ta wayar abokinsa, suka ce sunan da ke jiki ba nawa ba ne, ba na ɗana ba ne. Kuma ga yatsana a ƙarƙashin miliyan shida.

Na koma da kwandon kifin chambo busasshe, mai kyau, irin wanda nake kai wa surukai. Ba cin hanci ba ne, gaisuwa ce, ba a zuwa roƙo hannu rabbana. Yaron ya gan ni, ya ga kwandon, ya nuna mini wani ƙaramin ido baƙi a jikin bango. Ya ce, "Mama, ki rufa mini asiri, ina da yara. Abin ya shiga na'ura, ko ni ban isa in fitar da shi ba." Na ce a kira mini na'urar mu yi magana. Ya yi murmushi, amma idonsa bai yi ba. Ba na riƙe da shi a zuciya. A sanar da uwarsa, in tana raye, cewa ɗanta yana da kirki, sai dai bai iya nuna shi yadda tsohuwa za ta gane ba.

Sai na tarar ashe injin haya yake biya. Kowace rana da ya kwana a rumbun nan, akwai kuɗin kwanansa. Ƙarfe ne, ba ya ci, ba ya sha, ba ya wanka, amma ɗakinsa ya fi na matafiyi a masauki tsada. Suka ce in kuɗin ajiya ya taru ba a taɓa ba, za a yi gwanjonsa. Don haka duk abin da na tara domin kuɗin fito sai in kai shi kuɗin ajiya, don a ɗaga mini ƙafa. Ina cikin haka kwacha ta faɗi. Suka ce ai darajar da dala suke riƙe da ita, don haka bashina ya ƙaru ina barci. Ni da na san bashi ciki da waje, ban taɓa ganin wanda ke girma ta kai da ta ƙafa lokaci ɗaya ba sai wannan.

Kifi kuma ba ya jiran kowa. Na koma hayar motar wasu, riba ta dinga ƙarewa a hanya. Masuntan da na saba ba jari suka ga hannuna ya bushe, suka koma wa masu motoci masu rai. Ban zarge su ba, su ma da bakuna a gida. Duk zuwan da na yi Blantyre sai na roƙi mai gadi ya bar ni in leƙa ta waya. Injin yana nan inda na bar shi, ƙura ta rufe ledar. A gida kuma marigayiya tana ramewa. Tayoyi suka sace, muka ɗora ta a bulo. Kaza ta yi ƙwai a kujerar Che Sumani. Wata rana jikokina suka danna hon, ya yi wani ɗan siririn mbe, rabin kuka, bai ƙarasa ba. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Labarin gwanjon a jarida aka buga shi. Ni da jarida sai dai in naɗe kifi. Mista Kachingwe kuwa tun da kuɗin sallamarsa ya tsaya wayarsa ta daina shiga. Che Mdoka ne ya zo da kansa, da rana tsaka, ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a bakin baranda.

"Abiti Bwanali, na je gwanjon kwastam, kin san ba ya wuce ni. Na ga wani inji. Na duba lambar, ni na ba Twaibu ita."

"Wa ya saya?"

"Ni. In ban saya ba, wani ɗan Lilongwe ne zai tafi da shi."

"Nawa?"

Ya faɗa. Bai kai rabin abin da suka nema a hannuna ba. Wato abin da suka ƙi sauko mini da shi ko kwabo, sun tara mutane sun ce kowa ya taya. Ashe ana tayi a wurin. Sai dai ba da mai kaya ba.

Che Mdoka bai cuce ni ba, ina so a rubuta wannan da kyau. Ya ce in biya shi abin da ya kashe, ya sa mini injin, kuɗin aiki in biya a hankali. Na shiga ɗaki na kwance duk ƙullin da nake da shi, na fito na ce masa babu. Ya ce shi ma rancen kuɗin ya yi, mai shi yana jira. Shi yana da inji ba mota, ni ina da mota ba inji, kuma ɗayanmu ne kawai zai iya sayen na ɗaya.

Muka zaga gindin mangwaro. Ya kori kazar, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya sa ƙafa ya daki taya, ya taɓe baki yadda ya kamata mai saye ya yi.

"Wannan ai tsohon ƙarfe ne, ko Abiti Bwanali? Dubi tsatsa."

Ya tsaya yana jirana. Na san jirana yake, har ya fara murmushi, don ya san bakina tun muna yara, ya shirya wa yaƙi. Na buɗe baki. Sai na ga ledar nan, da tawadar nan a yatsana. Na rasa a wace duniya nake, wadda ake yabo ko wadda ake shiru. Abin da ya fito shi ne, "E, tsohuwa ce."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya faɗi kuɗi, kuɗin farawa, wanda shi kansa bai yi zaton za a tsaya a nan ba. Na ce na sallama. Ya ce, "Haba, ki ce wani abu mana." Na ce na sallama. Sai da ya ji kunya ya ƙara wani abu da kansa, ya kuma yafe kuɗin jawo ta daga Liwonde. A rayuwata ba a taɓa ƙara mini kuɗi don tausayi ba sai ranar. Na fi jin zafin wannan a kan duk miliyoyin.

Shi ya sa na sa a yi wannan sanarwa. Abin da ya kamata in faɗa a gindin mangwaro ban faɗa ba, ga shi na faɗa yanzu kowa ya ji: ba tsohon ƙarfe ba ce. Ba a yi mota irinta ba a duk bakin tabkin nan.

Marigayiya ta bar ni, uwar ɗakinta. Ta bar Che Sumani, wanda yanzu yake ɗaukar fasinja a keke da furfurarsa, kuma har yau in zai tsaya sai ƙafarsa ta nemi kuloci. Ta bar safayar taya ɗaya mai faci bakwai, da kaza da 'yan tsaki tara waɗanda ba su san wani gida ba sai ita. Ta bar ɗan'uwa ɗaya da ya zo daga Japan dominta, ba su taɓa ganin juna ba.

Kamar yadda ake yi kafin a ɗauki kowace gawa, ana cigiyar bashi. Duk wanda yake bin marigayiya, ya zo ya same ni da shaidarsa. Na san mai faci yana bin kuɗin faci biyu, na ware masa. Waɗanda marigayiya ke bi kuwa sun san kansu, ni ma na san su. Wanda ya ari jak ɗina tun bikin ƙanwarsa, ya dawo da shi kafin Asabar, ba na son in kira suna. Wanda ya ɗauki batir ya ce zai kalli ƙwallo sau ɗaya, an gama ƙwallon. Dangin da aka kawo wa gawa daga Zomba suka ce kuɗin mai sai bayan sadakar arba'in, mamacinku ya kusa shekara uku.

Saura bashi ɗaya, shi ne babba. An sayar da injina, an karɓi kuɗi, ba a ba ni ko na bas ba. Sun ce duk ya tafi a haraji da haya, wai ma bai isa ba, sun yafe mini sauran. Ni aka yafe wa. Tun da nake ban taɓa barin bashi ya kwanta ba, don kowane mai cin bashi yana da ƙofa, yana da uwa, yana da ranar da zai aurar da 'ya in je in zauna a gaba. Wannan ba shi da ko ɗaya. Na tambayi yaron, ya ce na'ura. Na tambayi mai tumbi, ya ce doka. In akwai wanda ya san gidan doka, ya yi mini kwatance, ina da tabarma, zan iya zama.

Za a ɗauki marigayiya ranar Asabar da hantsi daga gidana zuwa garejin Che Mdoka da ke bayan kasuwa. Za a shimfiɗa ganye a kan hanya ta gaba da ta baya kamar yadda aka saba in ana makoki, masu keke su sauka su tura, masu mota su rage gudu. Mai unguwa ya ce bai taɓa ba da izinin ganye don mota ba, na tuna masa wadda ta kai matarsa asibiti, ya ba da. Tarakta ce za ta ja ta, Che Sumani zai riƙe sitiyari. Maza su zo da ƙarfinsu, don sai an tura ta da baya kafin ta fita daga gindin mangwaro, kuma kun san halinta da baya. Mata su zo da itace. Akwai tuwon masara da usipa, ba nama, kowa ya san dalili. Masu kawo gudummawar ta'aziyya su ba Asiyatu, za a faɗi sunan kowa da abin da ya kawo, ni kuma ina ji.

Kada a yi kuka mai sauti. Kada kuma wanda ya zo ya ce mini haka Allah ya so sannan ya tambaye ni nawa na ce wa jami'in. Kowa ya riga ya sani.

In bayan mako biyu kun ga wata akori-kura a hanyar Limbe, an yi mata koren fenti, tana tari sau biyu kafin ta tashi, kada ku gudu, ba fatalwa ba ce. Ta Che Mdoka ce. Na riga na kama wurin kwando biyu a lodinta na farko, zan biya kuɗin mota kamar kowa, kuma a baya zan zauna tare da kifina, ko an ba ni gaba ba na so. Che Mdoka ya yi alkawarin zai ɗauki Che Sumani ya tuƙa ta. Abu ɗaya na roƙa a cikin cinikin, shi kaɗai na iya tsayawa a kai: in za ta wuce ƙofar gidana, kada a danna hon.

Mai sanarwa, Abiti Bwanali, layin masu usipa, rumfa ta uku daga famfo. Wanda bai samu zuwa Asabar ba, yana iya samuna a can, ya yi ta'aziyya, ya sayi kifi. In ya kushe, ya yi haƙuri ya ɗan jira ni, zan amsa.